Kafin Ka Ɗaga A-kori-kurarka: Abin Da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya taɓa fita daga Birnin Zazzau da a-kori-kura a tsakiyar watan Agusta, ya saki kwalta ya kama hanyar gona ta wajen Soba, ko Giwa, ko fadamun bakin Galma, ya san wata ƙara mai tsinka zuciya. Tarakta da tifofin yashi sun riga sun bi hanyar tun ruwan farko, sun haƙa rami biyu inda tayoyi ke bi, sun bar tudu a tsakiya kamar kunyar dawa. Kana cikin lallaɓawa sai ka ji ƙurrr a ƙarƙashinka, cikin mota ya hau tudun. Idan aka yi rashin sa'a nan za ta zauna daram, tayoyi na juyawa a banza suna feshin laka, sai an kira samarin ƙauye da fartanya da shebur.

A irin wannan rana ce tunanin ɗaga mota ke shiga ran mutum. Sai kuma ya hangi wata Hilux a wajen PZ ko a hanyar Samaru, doguwa kamar raƙumi, da ƙartin tayoyi, ya ce ai ga maganin hanyar gonata. Ya nufi gareji, makanike ya tare shi da fara'a: "Alhaji, inci nawa za a yi maka? Biyu, uku, ko huɗu?"

A ganina tun daga wannan tambaya ake yin ɓatan kai. Abin da ya kamata a fara tambayar mai mota shi ne me take ɗauka kullum, kuma wace hanya take bi da shi. Maganar tsayi daga baya take zuwa, kuma ga mafi yawan motocin da ke shiga da fita ta Ƙofar Doka, inci biyu, wato milimita 50, shi ne iyakar abin da za a nema.

Taɓa ƙafafun a-kori-kura ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda muke kira Fijo, direbobin da ke jigilar rake daga Maƙarfi da masu kwasar tumatir da barkono sun saba ƙara fallen sifirin a baya don mota ta jure lodi. Abin da ya zo sabo shi ne kayan da ake sayarwa a haɗe, sifirin da shokazoba da ƙusoshi duk a kwali ɗaya, da kuma motocin zamani waɗanda ƙafafunsu na gaba ba sa yafe kuskure yadda tsofaffin Fijo ke yafewa.

Abin da ke tashi da abin da ba ya tashi

Ka durƙusa a bayan motarka ka leƙa. Za ka ga wani ƙarfe ya miƙe daga tayar hagu zuwa ta dama, a tsakiyarsa akwai ƙullutu mai kama da tulu. Wannan shi ne aksul na baya, kuma wannan tulun yana cikin wuraren da suka fi kusa da ƙasa a duk jikin motar. Sifirin yana tsakanin aksul da shasi ne. Saboda haka idan ka sa dogon sifirin, shasi da bodi da tankin mai da akwatin giya za su tashi, amma tulun aksul yana nan inda yake, ko ɗigo bai motsa ba, domin a kan tayoyi yake zaune. Ko inci shida ka ɗaga motar, tudun da ke tsakiyar hanya zai same shi inda ya saba samunsa.

Abu ɗaya ne ke ɗaga tulun nan: taya mai girma. Ita ma rabin abin da ta ƙaru da shi kake samu. Ga lissafi. Taya mai lamba 265/65R17, wadda ake yawan gani a Hilux na zamani, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Idan ka koma 265/70R17, tsayin ya zama kusan 803. An ƙaru da milimita 27, amma tulun aksul milimita 13 kawai ya tashi, kaurin ɗan yatsa ke nan. Idan ka yi tsalle zuwa 285/70R17, mai tsayin kusan 831, ka sami milimita 27 a ƙarƙashin tulu, sai dai a yawancin motoci taya irin wannan tana gugar madigadi ko shasi idan aka karya sitiyari, sai an yi yanke-yanke.

To ina amfanin ɗagawar? Yana nan. Tana hana tsakiyar mota zama a kan tudu idan za a haura kwalbati ko gaɓar rafi, tana hana bamba da ƙarfen baya karta ƙasa a gangare, tana ba babbar taya wurin motsi, kuma a motocin zamani tana ɗaga ƙasan inji da tulun gaba, tunda shi a jikin shasi aka ɗaure shi. Waɗannan duk riba ce ta gaske. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne ya fara gano wane ɓangare na motarsa ke taɓa ƙasa. Shiga ƙarƙashinta da tocila ka nemi inda ƙarfe ya goge yake ƙyalli. Idan tulun baya ne, maganar taya ce. Idan tsakiyar shasi ne ko bamba, sifirin zai taimaka.

Wace irin ƙafar gaba gare ta?

Hilux ta fara fitowa a 1968, kuma a tsawon wannan lokaci ƙafarta ta gaba ta sauya salo. Tsofaffin masu jan taya huɗu da aka kawo ƙasashenmu, har zuwa wajen 1997, aksul miƙaƙƙe gare su a gaba kamar na baya, da sifirin mai falle. Land Cruiser 79 har yau miƙaƙƙen aksul take da shi a gaba. Irin waɗannan suna karɓar ɗagawa da sauƙi, duk da cewa su ma sitiyarinsu na buƙatar gyara idan aka yi nisa.

Waɗanda suka biyo baya, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2005, kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai, kuma nauyin motar yana kan wata doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa, wadda makanikai ke kira toshon-ba. Daga 2005, da kuma samfurin 2015, aka koma sifirin mai naɗi, wato koyil, wanda ke zagaye da shokazoba. Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Ford Ranger da Nissan Navara na zamani duk kusan wannan tsari suke bi a gaba.

A nan ne iyakar inci biyu ta samo asali. A irin wannan ƙafa, taya tana rataye ne da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, kowanne da boljoyin a bakinsa, kuma idan mota mai jan taya huɗu ce akwai shaf da ke kawo mata ƙarfi daga tulun gaba. Tazarar da taya za ta iya hawa da sauka ƙayyadadda ce tun daga masana'anta. Idan ka ɗaga motar, ba ka ƙara wannan tazara ba, tura tayar ka yi zuwa ƙasa, ka cinye wani ɓangare na wurin saukarta. Sai shaf ya riƙa aiki a karkace, robar da ke riƙe masa giris ta riƙa gugar kanta har ta yage, ƙura da ruwan damina su shiga, ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas idan ka sha kwana. Boljoyin na sama shi ma yana kusa da ƙarshen lanƙwasarsa. Wanda ya taɓa ganin mota a gefen hanyar Kaduna tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashinta ya san abin da tsinkewar boljoyin ke haifarwa.

Ana iya wuce inci biyu, amma sai an sauya hannun sama, an sauko da tulun gaba, an ƙara tsawon tiyon burki, kuɗi ya ninka. A Ostareliya, ƙasar da ta fi kowa ƙwarewa a wannan harka saboda dogayen hanyoyinta marasa kwalta masu gargada, a yawancin jihohi idan ɗagawar sifirin ta wuce milimita 50 sai injiniya ya duba motar ya ba da shaida. Mutanen da ke tafiyar kwanaki a daji da motocinsu sun tsaya a nan, to mai zuwa gona a Maigana me zai kai shi inci huɗu?

Hanyoyin ɗagawa, daga mai araha zuwa mai tsada

Mafi araha ita ce ɗaure notin toshon-ba a motocin da ke da shi. Ba a sayen komai, sifana kawai ake sawa, gaban mota ya tashi. Idan ƙarfen ya gaji ne motar ta sunkuya, mayar da ita tsayinta na asali daidai ne. Idan aka zarce, hannun sama zai zauna dab da robar da ke tare shi, motar ta riƙa dukan ƙashi a kowane rami.

Sai sifesa, wato zoben ƙarfe ko na roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shokazobar gaba, da dunƙulen ƙarfe da ake sawa tsakanin sifirin na baya da aksul, ko dogon maratayin sifirin. A sani cewa zoben gaba yana ɗaga mota fiye da kaurinsa, wani lokaci kusan ninki biyu, saboda yadda hannun ƙasa ke aiki kamar sandar ɗaga kaya. Wanda ya sa zoben inci biyu yana zaton inci biyu zai samu ya riga ya wuce iyaka bai sani ba. Babbar illar sifesa ita ce tsohon sifirin da tsohuwar shokazoba suna nan yadda suke. Mota ta yi tsayi, ƙarfinta bai ƙaru ba. Dunƙulen baya kuma idan ya yi kauri yana ba aksul damar murɗa sifirin duk lokacin da aka taka totur ko burki da ƙarfi.

Akwai masu ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi. Wannan yana ba taya wuri, amma duk abin da ke ƙarƙashi yana nan a tsayinsa, ga kuma sandar sitiyari da lagireto da wayoyi da aka ja. Ban ga abin da manomi ko ɗan kasuwa zai ƙaru da shi a nan ba.

Sai namu na gida: a ƙara falle, ko a kai sifirin wurin maƙeri a buge shi ya koma lanƙwasarsa. Ƙara falle ɗaya mai kyau, wanda tsawonsa da faɗinsa suka dace da sauran, dabara ce da ke aiki kuma ba na raina ta. Bugun sifirin a sanyi yana ɗaga mota na ɗan lokaci kafin ta sake zama. Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne sa wa sifirin wuta ko walda. Ƙarfen sifirin an gasa shi an sanyaya shi ne bisa ƙa'ida, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Wuta tana kashe wannan hali, sai ya yi laushi ko ya yi gautsi, ya karye ranar da mota ke ɗauke da lodi. Babban falle na sama shi ne ke riƙe aksul a mazauninsa, idan ya karye aksul na iya gocewa mota ta juya da kanta.

Na ƙarshe shi ne cikakken kaya: koyil ko toshon-ba na gaba, sifirin na baya, shokazoba huɗu da aka auna tsawonsu da wannan sifirin, bushin, da sababbin ƙusoshi masu siffar U. Sunayen da suka yi fice, irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons da Tough Dog, duk na Ostareliya ne. Bilstein ta Jamus da KYB ta Japan sun shahara a shokazoba. Da tsada, musamman yadda canjin dala ya koma, amma shi kaɗai ne ke gyara tafiyar mota tare da ɗaga ta.

Kafin ka kashe ko sisi, ga wani abu da ake yawan tsallakewa. Motar da ta yi shekara goma tana dakon masara ta riga ta zauna ƙasa da yadda aka ƙera ta. Sau da yawa sabon sifirin irin na asali da sabuwar shokazoba sun isa su mayar mata da tsayin da mai ita ke nema, ba tare da an karkata shaf ko boljoyin ba. Mutum yana cewa motarsa gajera ce, alhali gajiya ce ta yi.

Maganar lodi

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ne ake yin zaɓi na gaskiya. Masu ƙera waɗannan kaya ba iri ɗaya suke yi wa kowace mota ba. Sifirin na baya suna rarraba shi bisa nauyin da ke zaune a motar kullum: akwai na motar da ke yawo kusan babu kaya, akwai na wadda kullum ke ɗauke da kamar kilo 300, akwai na kilo 500 ko fiye. Na gaba ma haka, akwai na motar da aka sa wa ƙaton ƙarfen kariya a goshi, akwai na wadda ba ta da shi.

Kalmar da za a kula da ita ita ce "kullum". Ɗauki mutum biyu a cikin birni. Na farko malami ne a Kongo, yana da gona a wajen Dakace, motarsa tana kai yara makaranta wata goma, sai lokacin taki da lokacin kaka ta ɗauki kaya. Na biyu yana sayar da siminti da rodi a Tudun Wada, motarsa ba ta kwana ba lodi. Idan malamin ya sayi sifirin mai ƙarfin kilo 500 don ya ji an ce shi ne "mai ƙarfi", ya sayo wa kansa wahala. Bayan motar zai ɗaga sama kamar akuya na cin danga, ta riƙa tsalle a gargada, tayoyin baya su riƙa barin ƙasa, wanda ke kujerar baya ya sauka da ciwon ƙugu. Tayar da ke tsalle kuwa ba ta riƙe hanya, ba ta kuma cin burki yadda ya kamata. Idan mai siminti ya sayi mai laushi, kafin damina ta zagayo sifirin ya kwanta. Shi malamin abin da ya dace da shi shi ne mai matsakaicin ƙarfi, irin wanda ke da ƙarin falle a ƙasa da ba ya shiga aiki sai an ɗora nauyi.

Sannan a cire wani zato daga rai: sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara yawan kayan da mota za ta iya ɗauka. Hilux da ire-irenta abin da aka ƙayyade musu bai wuce wajen tan ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Akwai ɗan allo a jikin ƙofa ko a wajen inji da ke nuna iyakar nauyin. Idan mai ƙofa huɗu ta ɗauki manya biyar, mu ce kowane kilo 70, an ci kilo 350 tun ba a ɗora komai ba. Abin da ya rage bai wuce buhun masara shida masu kilo ɗari-ɗari ba, ko buhun taki goma sha biyu ko sha uku masu kilo hamsin. Na san ana loda ninkin wannan a kasuwar Giwa da ta Anchau, kuma na san dalili, kuɗin mai ba ya barin mutum ya yi sawu biyu. Amma haɗarin sifirin mai ƙarfi shi ne yana ɓoye laifi. Da, idan an wuce kima motar za ta zauna, kowa ya gani. Yanzu tana tsaye ƙyam, alhali boris ɗin aksul da tayoyi da burki da shasi duk suna nan a ƙarfinsu na da.

Shokazoba kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan an faɗa rami, kuma tana yin haka ne ta hanyar tura mai ta ƙananan ƙofofi, abin da ke sa ta zafi. A doguwar gargada irin ta rani man na iya yin kumfa ta daina riƙewa, shi ya sa mai kaurin jiki, wadda ke ɗauke da mai da yawa, ta fi dacewa da hanyoyinmu. Tsawonta dole ya dace da sifirin. Idan ta gaza, ita ce za ta riƙa tare aksul idan taya ta faɗa rami har kunnenta ya tsinke. Idan ta yi tsawo, za ta daki ƙasanta kafin robar shasi ta tare nauyin.

Abin da tsayi ke ci

Motar nan ba a gona take kwana ba, cikin birni take dawowa. Birnin Zazzau kuwa an gina shi ne don ƙafa da doki da jaki, ganuwa ta zagaye shi, lunguna suka bi tsakanin gidaje yadda suka ga dama. Wanda ke shiga Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona da mota ya san yadda zaure ke buɗewa kai tsaye a kan hanya, yaro ya fito a guje bayan ƙwallo, 'yan makarantar allo su taso gaba ɗaya, ga babura, ga awaki kwance a inuwar katanga. Na farko, kowace a-kori-kura tana da wani fili a gaban hancinta da direba ba ya gani. Duk incin da ka ƙara, wannan fili na ƙara tsawo, kuma yaro ɗan shekara uku yana iya ɓacewa a cikinsa gaba ɗaya. Gwada da kanka: zauna a kujerar direba, ka sa a ajiye bokitin fenti a gaban bamba, a riƙa ja da shi gaba har ka hango shi, sannan ka sauka ka auna da taku. Wannan gwaji ya fi duk wata nasiha da zan rubuta.

Na biyu, mota mai tsayi ta fi saurin kifewa. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa abu kwatsam a gudun kusan kilomita 60 a awa, tayoyi biyu suka bar ƙasa. Kamfanin da ya ƙera ta ya yi gyara daga baya. Abin lura shi ne motar ba a ɗaga ta ba, yadda ta fito daga masana'anta take. To a ƙara mata inci huɗu, a ɗora buhuna har sun wuce kan direba, a zaunar da leburori a sama, sannan saniya ta faɗo titi a hanyar Funtuwa.

Na uku, burki. Yawancin tsofaffin Hilux suna da wani ɗan bawul a jikin shasi na baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Idan lodi ya danne mota, sandar na gaya wa bawul ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin burki. Idan aka ɗaga mota ba a gyara mazaunin sandar ba, bawul zai ɗauka kullum motar ba kaya, ya rage burkin baya a lokacin da aka fi buƙatarsa. Ka tambayi makanikenka wannan kafin ya kwance noti ɗaya. Amsarsa za ta nuna maka ko shi ne mai aikin.

Babbar taya ita ma da kuɗinta. Tana rage wa mota ƙarfin tashi da lodi, tana ƙara tazarar tsayawa, tana sa agogon gudu ya riƙa rage gaskiya: da 285/70R17 a madadin 265/65R17, gudun da kake yi ya fi abin da agogo ya saba nuna maka da kashi bakwai cikin ɗari. Tana kuma ƙara shan mai, abin da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke wasa da shi. Safayar taya dole ta zama girmansu ɗaya, kuma a tabbata za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Ka auna ƙofar garejinka. Ka kuma tuna da Hajiya da Baba, waɗanda tun yanzu sai an kawo musu kujera 'yar tsugunne kafin su hau.

Saye da ɗaurawa

Ko a Sabon Gari za ka saya, ko Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka yi oda daga Legas, tafi da lambar shasin motarka, domin shekarar da ke takarda ba kullum take nuna samfuri ba. Kayan Tacoma da ake shigowa da ita daga Amurka kada a ɗauka na Hilux ne don suna kama da juna. Jabu ya yi yawa, kwali da fenti duk an iya kwaikwayonsu, saboda haka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen ka gwada ta da ta littafin kamfanin. Idan farashin ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado. Kayan Beljiyam na da amfaninsu a wasu sassan mota, amma shokazoba da koyil abubuwa ne da ke gajiya a ɓoye, kuma matsa shokazoba da hannu a bakin shago ba ya nuna yadda za ta yi idan ta yi zafi. Taya kuma a duba lambobi huɗun da ke gefenta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022.

Kafin a fara aiki, tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a duk ƙafa huɗu, ka rubuta. Bayan an gama ka sake aunawa. Da wannan ne za ka san abin da aka yi maka da gaske, da kuma ko ta karkata gefe ɗaya. Bayan mota ya kamata ya ɗan fi gaba tsayi idan ba kaya, domin idan an loda ta daidaita.

Koyil ɗin gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko ya fasa fuska, sai da na'urar matse shi ake kwance shi, kada a bar yaran gareji su yi dabarar igiya ko waya. Ƙusoshin U sababbi ake sawa, tsofaffin sun riga sun miƙe. Notin bushin ba a ɗaure shi tamau sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Yayin da motar ke kan jak tayoyi na reto, a duba tiyon burki da wayar ABS, kada su zama su ne ke riƙe da aksul. Daga gareji kai tsaye sai wurin alaimen, na kwamfuta, domin ɗagawa tana sauya tsayuwar tayoyin gaba, kuma idan aka bar su haka za su cinye gefe ɗaya cikin 'yan watanni. A sunkuyar da fitilun gaba kaɗan saboda masu tahowa da dare. Idan ka ji rawa a ƙarƙashin kujera lokacin tashi, farfela ce ke ƙorafin sabon karkacewarta, ana gyarawa da ɗan sifesa a mazaunin boris ɗinta na tsakiya.

Bayan tafiyar kamar kilomita 500, wato zuwa Kano da dawowa da 'yan zirga-zirgar mako guda, sabon sifirin zai zauna, ƙusoshin U su ɗan saki. Koma gareji ka ce: "Malam, a sake bin notin nan gaba ɗaya." Ka tsaya a wurin har a gama, ka ciro takardar da ka rubuta awon farko, ka sake ɗora tef a ƙafa huɗun.